Dashen Lemon Inna

Yana tsugune a bayan motar kaya yana juya ganyen dashen ayaba ɗaya bayan ɗaya, direban na tsaye a kansa yana kaɗa makulli. Direbobi sun daɗe da laƙaba masa suna Juya-Ganye, domin shekara tara ke nan yana aiki a shingen duba tsirrai, kuma ba a taɓa ganin ya yarda da ganye bai leƙa ƙarƙashinsa ba. Ko a kasuwa matarsa ba ta son zuwa da shi, don sai ya kunyata ta a gaban mai alayyafo.

"Ayabarka lafiya lau," ya ce, ya buga hatimi a takarda.

"To, ga naka saƙon." Direban ya leƙa gaban mota ya fito da gwangwanin madara da aka yanke wa baki. Dashen lemo ne a ciki, bai wuce kamu biyu ba, an tokare shi da ɗan kara an ɗaure da tsumma. "Yayarka ta ba ni. Ta ce in riƙe shi kamar jariri. Wallahi ruwan shana muka raba da shi a hanya."

Juya-Ganye bai nemi bayani ba, ya san daga bishiyar gidansu aka samo shi. Wata uku da rasuwar Inna aka sayar da gidansu, sabon mai gida kuwa ya sare bishiyar lemon tsakar gida don zai zuba siminti. A gindinta Inna take shimfiɗa tabarma, a nan take yi wa Yaya kitso, a nan take murɗe masa kunne in ya tsinki ɗanye. Shi ranar da aka sare ta yana nan bakin aiki. Jana'izar ma sai da aka dawo daga maƙabarta ya isa. Kewar gidan nan ta ci shi har yana jin kunyar faɗa wa mutane.

Ya karɓi gwangwanin da hannu biyu, ya kai hanci. Ƙamshin nan ne dai, bai sauya ba. Yana cikin haka sai yatsunsa suka yi abin da suka saba, ba tare da sun yi shawara da shi ba. A ƙarƙashin ganye na uku, kusa da sabon toho, ga ƙananan ƙwai rawaya jere, ga wani farin zare kamar gari ya zuba.

Ya san su sarai. Ƙwaron da ya gama da gonakin lemo a can yankinsu ke nan. Daga shingen nan zuwa gaba kuwa gonakin lemo ne iya ganin ido, kuma har yau ƙwaron bai shiga cikinsu ba. Doka ta ce duk dashen da aka same shi da wannan ƙwaro a ƙone shi a ranar, kafin a tashi aiki.

Direban ya ga fuskarsa ta sauya. "Haba, ranka ya daɗe! Kai ne mai dubawa, kai wa zai duba ka? Tsinke ganyen, ka fesa masa magani, shi ke nan."

"Ƙwaron ake gani. Cutar da yake sa wa bishiya tana ciki, sai bayan shekara biyu take fitowa."

"To ka ajiye shi a ɗaki mana, ka rufe taga."

"Lemo a ɗaki?" Ya yi ɗan murmushi. "Je ka, kada ayabarka ta bushe."

Ya sa gwangwanin a cikin farar leda ya ɗaure bakinta, ya ajiye a kan teburin ofis inda yake iya hangowa daga titi. Motoci suka yi ta zuwa. Ya duba tumatir, ya duba irin rogo, ya mayar da wani mai fulawoyi da ba shi da takarda. Duk motar da ta wuce sai ya waiga taga. Da rana ta take ya kwance ledar ya zuba masa ruwa, ya san kuwa aikin banza yake yi.

Ƙarfe biyar saura ya kai shi bayan ofis, wajen durom ɗin da suke ƙona kaya. Ya zazzage ƙasar a ciki, don ita ma doka ta haɗa da ita. Ɗanyen abu ne, sai da ya ƙara kananzir sau biyu. Bai bar wurin ba sai da ya zama toka.

Yana wanke hannu waya ta yi ƙara.

"Auta, ya iso?" in ji Yaya.

"Ya iso, Yaya. Na gode."

"Wata huɗu ina lallaɓa su kamar ƙwai. Kada ka cika masa ruwa, ka ji? Biyu ne kaɗai suka kama a cikin goma."

Ya tsaya da sabulu a hannu. "Biyu? Ina ɗayan?"

"Wajen Gwaggo mana. Tun makon jiya na aika mata da mai babur, ta hanyar daji ya bi. Na ce kada 'yan shingenku su wahalar da bawan Allah da takardu. Ta ce har ya yi sabon ganye."

Gidan Gwaggo katanga ɗaya ce tsakaninsa da gonar lemo mafi girma a yankin da shingen ke karewa. Ya yi wa Yaya sallama ya kashe waya.

Ya koma ofis ya cike takardar ƙwace kaya, ya rubuta adireshin Gwaggo, ya ɗauki leda da kwalbar kananzir. Da ya zo wajen kwanan wata sai alƙalamin ya tsaya. Ya rubuta na gobe, ya mayar da kwalbar ƙarƙashin tebur.

Ya kira Gwaggo ya ce ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, kusa da dashen, yana nan tafe gaisuwa.