Cizon da Aka Wanke da Man Birki

Ranar Asabar ta ƙarshe a dogon hutu, Bakanike bai fita gareji da wuri ba. Yana zaune a falo da kofin shayi, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana jin kansa uban da ya fita kunyar 'ya'yansa. Kuma kada a ci masa haƙƙi, ya yi ƙoƙari. Mutumin da shekara da shekaru bai san inuwa ba sai ta ƙarƙashin mota, bana ya daure yana rufe gareji duk Lahadi, ya loda iyali a tsohuwar motarsa mai tari, ya fita da su yawo.

Maman yara tana guge kayan makaranta a kan tebur. Babbar 'yarsu tana lulluɓe littattafai da takarda. Auta kuwa, 'yar shekara bakwai, ta kwanta rub da ciki a ƙasa tana fama da aikin da malamarsu ta ba su tun ranar da aka yi hutu, wato kowa ya rubuto yadda ya yi hutunsa. Sai yau ta tuna da shi.

"Baba, na gama. In karanta?"

"Karanta mana, 'yar boko."

Ta miƙe tsaye, ta gyara murya kamar mai karanta labarai. "Mun je gidan namun daji, biri ya ƙwace wa Yaya ayaba. Mun je bakin dam, Baba ya ce ya iya kamun kifi, ƙugiya ta kama rigarsa. Mun tsaya a bayan shingen filin jirgi, mun ga jirgi huɗu. Mota ta mutu sau uku, Mama ta tura."

"Sau biyar," in ji Maman yara, ba ta ko ɗago kai ba. "Ki rubuta daidai, bayana ne shaida."

Aka kwashe da dariya. Bakanike bakinsa har kunne. Auta ta jira suka yi shiru, sannan ta karanta layin ƙarshe.

"Akwai kuma wani abu da ya faru, amma Baba ya ce sirri ne, shi ya sa ban rubuta ba."

Maman yara ta ajiye dutsen guga a hankali. Ta dubi mijinta. Shi kuma ya dubi cikin kofinsa, kamar an ce masa amsar tana ƙasan shayi.

Abin da ya faru ba wani dogon labari ba ne. Wata Lahadi Maman yara ta tashi da ciwon kai, babbar ta zauna da ita, shi ya fita da Auta kaɗai wurin lilo. A hanyar dawowa ya ce bari ya biya filin tsofaffin motoci, inda ake ɓare su ana sayar da kayansu, ya duba wani lagireto, tankin ruwan da ke sanyaya inji. Yana can yana ciniki, yarinya ta hango kare kwance a ƙarƙashin wata matacciyar bas, ta matsa da biskit a hannu. Ihunta kawai ya ji. Haƙora biyu ne suka shiga a bayan ƙafarta, ƙasan gwiwa, jini ma bai fi cokali ba.

To, ga inda halin sana'a ya yi aikinsa. A garejinsu ba a zuwa asibiti don yanka. Ƙarfe ya tsaga ka, ka buɗe robar man birki ka tsiyaya, ka cije baki, ka naɗe da baƙin salatif, ka koma bakin aiki. Shekara ashirin haka yake yi, hannunsa duk tabo ne, kuma ga shi da ransa. Haka ya yi wa 'yarsa. Ta yi kuka, ya saya mata askirim, ya ce, "Ki ce wa Mama ƙarfe ne ya karce ki. In ta ji kare ne, za ta hana mu fita har hutu ya ƙare. Wannan sirrinmu ne, ni da ke." Ciwo ya kame cikin kwana biyar, ya bushe tas. Har alfahari ya yi a ransa.

Ya ba da labarin yana 'yar dariya, yana jiran a yi masa wankin babban bargo. Ai da faɗan ta yi, da ya ji sauƙi. Ta cire wayar guga daga bango, ta durƙusa ta juya ƙafar Auta, ta daɗe tana kallon tabon. Sannan ta ɗago.

"Baban Auta, ɗauko makulli."

"Haba, abin da ya warke tun..."

"Ɗauko makulli."

Asibitin unguwa ba cunkoso ranar. Nas ɗin da suka samu wata dattijuwa ce mai tabarau, tana ta zolayar Auta a kan haƙorinta da ya fita, har aka zo kan abin da ya kawo su. Tana jin an ce kare, wasan ya ɗauke daga fuskarta. Wannan Bakanike ya gani da idonsa, kuma a nan ne gabansa ya fara faɗuwa.

"Karen wa?"

"Na filin ne. Yana dai zaune a wurin."

"An yi masa riga-kafi?"

"Ban sani ba."

"Da me aka wanke ciwon? Sabulu da ruwa?"

"Man birki," ya ce, muryarsa can ƙasa.

Ta cire tabarau ta dube shi. Ba ta zage shi ba, ta wuce zuwa tambaya ta gaba. "Yau kwana nawa?"

Nan fa ido ya koma kan waya. Hutun da ɗazu ake dariyarsa, shi suka shiga warwarewa hoto bayan hoto, suna komawa baya. Ga su a bayan shingen filin jirgi, Auta a wuyansa. A'a, wannan bayan abin ne, dubi salatif a ƙafarta. Ga bakin dam, ƙafa lafiya lau, ke nan kafin abin ne. Yatsansa mai baƙin mai yana zamewa a kan gilashi, ya danna nan ya buɗe can. Ga Maman yara tana tura mota tana harararsa. Ga biri. Duk hoton da ya wuce, yarinyar tana dariya a ciki, shi kuma ji yake kamar ana zare masa laka. Daga ƙarshe suka iske ta a kan lilo, ita kaɗai, da kwanan wata a sama. Kwana ashirin cif.

Nas ta sa babbar ta fita da Auta baranda, sannan ta ja kujera.

"Malam, zan gaya maka gaskiya don ka san inda muke. Ba kowane kare ne ke da ciwon hauka ba. Amma in yana da shi, warkewar fata ba ta nufin komai. Cutar tana bin jijiya ne a hankali, ba zafi ba kumburi, mako uku, wata biyu, wani lokaci fiye. Allurar da za mu fara yanzu tsere take yi da ita. In allura ta riga, shi ke nan, lafiya. In alamu suka riga bayyana, ba mu da magani. Ba nan kaɗai ba, ko'ina."

Maman yara ta dafe bango.

"Abu ɗaya zai kwantar mana da hankali yau," nas ta ci gaba. "Kare mai wannan ciwo, in har ya kai ga sa wa mutum, ba ya wuce kwana goma a raye. Je ka nemo shi. In ka same shi yana ci yana sha, 'yarka ta tsira. Likita zai shigo nan da awa ɗaya, ya duba ta."

Bai san yadda ya isa filin ba. Ya dai san ya wuce danja biyu, wani mai babur ya ɗura masa ashar, ko waiwaye bai yi ba. A hanya addu'a yake, irin wadda bai taɓa zaton zai yi ba: Allah ka raya karen nan. Allah ka sa yana nan da ƙoshin lafiya. Ya yi alkawarin zai saya masa nama kilo guda, zai gina masa ɗaki in ana so.

Filin yana nan yadda ya bar shi, gawarwakin motoci a jere cikin rana, ciyawa ta fito ta tagoginsu. Ya nufi bas ɗin kai tsaye, ya kwanta a ƙasa ya leƙa kamar yadda yake leƙa motar aiki. Akwai ramin da kare ya tona don sanyi. Akwai wani tsohon kwano a kife. Ya yi fito, ya tafa hannu, ya kira duk sunan da ake kiran kare da shi. Shiru.

"Maigida, wani ƙarfe ake nema?"

Mai gadin filin ne, wani siririn tsoho da rediyo a hannu.

"Baba, karen nan ja, mai yankakken kunne. Ina yake?"

"Au, wannan ɗan banzan? Ai mun huta."

Bakanike ya jingina da bas, ƙarfen yana ƙona masa baya, bai matsa ba. "Mutuwa ya yi?"

"Wa ya sani? Ya dai canza. Kare mai haɗama, ka jefa masa ƙashi ya kalle ka. Ya kwana biyu a ƙarƙashin nan ba ya fita, yana ta gurnani shi kaɗai. Na ce ko guba ya ci, don masu shagon can suna zuba wa ɓeraye. Ko kuma zafi ne, ka san bana an sha rana. Wata safiya na zo babu shi."

"Yaushe?"

Tsoho ya sosa ƙeya. "Sati biyu? Ko ya ɗan fi. Ban riƙe ba, tunda ba haya yake biya ba." Ya yi dariya, sai ya ga shi kaɗai yake yi. "Lafiya dai?"

Bakanike ya zagaye filin nan sau biyu. Ya leƙa kowace mota, ya buɗe but ɗin bayansu, ya shiga kwalbati har gwiwa. Ya tambayi mai faci, ya tambayi mai shayi, ya tambayi matar da ke sayar da ruwa a bakin titi. Wani ya ce ya ga jan kare a bayan kasuwa jiya, amma da kunnuwansa biyu. Wani ya ce mota ta take wani a kan babban titi kwanaki, sai dai shi kamar baƙi ne. Kowa da nasa, ba mai tabbas. Ga gari cike da karnuka, sai wannan ɗaya da rayuwar 'yarsa ke rataye a wuyansa ne ƙasa ta haɗiye.

Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske. Ya taɓa kwanciya ƙarƙashin babbar mota jak ɗin da ya ɗaga ta ya goce, bai ji rabin wannan ba. Ya zauna a motarsa ya riƙe sitiyari. Me zai je ya ce? Wayarsa ta yi ƙara, Maman yara ce. Ya kalle ta har ta katse, sannan ya tayar da mota.

Ya same su a ɗakin likita. An riga an yi wa Auta allura, ga auduga manne a damtsenta, tana zaune a bakin gado tana kaɗa ƙafa. Maman yara ta dubi wandonsa da ya jiƙe da ruwan kwalbati, ta dubi fuskarsa. Ta juya kai ta kama bakin mayafinta ta cusa a baki.

Likitan matashi ne mai sanyin murya. Ya saurari labarin mai gadi, ya rubuta, ya ce ba a yanke hukunci da wannan, guba ma tana sa kare haka. Za a ci gaba da allurai a ranakun da zai rubuta, kada a tsallake ko ɗaya. Ya auna zafin jikinta, ya ce babu zazzaɓi. Ya haska mata ido, ya sa ta haɗiyi miyau, ya ce madalla. Bakanike ya fara jin iska tana shiga ƙirjinsa.

"Saura abin da na'ura ba ta gani," in ji likita. "Wannan sai ita." Ya jawo kujera ya zauna daidai tsayinta. "'Yan mata, ina so ki gaya mini gaskiya, ba wanda zai yi miki faɗa. Wurin nan da kare ya cije ki, kwanan nan kina jin wani abu? Ƙaiƙayi, ko suka-suka kamar allura, ko kamar kiyashi na tafiya a ciki?"

Auta ta daina kaɗa ƙafa. Ba ta dubi likita ba, ba ta dubi uwarta ba. Ubanta ta nemo da ido, can inda ya raɓe a bakin ƙofa, tana karanta fuskarsa don ta gane amsar da yake so.

"Baba," ta ce a hankali, "wannan ma sirri ne, ko in faɗa?"

Bakanike ya taka zuwa gadon da ƙyar, ya durƙusa a gabanta, ya riƙe 'yan ƙafafunta da hannuwansa masu tabo.

"Faɗa, uwata," ya ce. "Faɗi duka."