Clarrie Ba Ya Kau da Kai

"Sauko daga motar nan, Clarrie, ka tsare mini wuri," na ce da shi, ina riƙe da tsohuwar jarida da kwalbar ruwan khal.

"Motar tawa?"

"Taka ɗin. Dubi gilashin nan ta ciki, sai ka ce a kansa ake soya ƙwai. Ta ina za ka ga hanya?"

Ya sauko yana gunaguni, ya jingina da shingen da ya raba gidana da nasa. Clarrie Tonkin ke nan, maƙwabcina tun ina amarya, tsohon mai askin tumaki. Ya haura tamanin, amma taurin kai sai abin da ya ƙaru. Na goge gilashin a-kori-kurar tasa ciki da waje har ya yi ƙal, na wanke fitilun, na nuna masa ɗan maɓallin da ke ƙasan madubi, wanda in an tura shi hasken motar baya ba ya dukan ido.

"Noeline, tun ba a haife ki ba nake tuƙi."

"Shi ya sa idon ya gaji, tsoho."

Idon kam ya gaji. Likita ya ce yanar ido ce ta fara rufe shi, ya sa shi a layin masu jiran aikin ido. Da rana lafiya lau yake gani, amma da duhu ya shiga, fitilar mota ɗaya ta isa ta kashe masa ido. Ga shi kullum sai ya hau hanya. Matarsa Dulcie tana gidan kula da tsofaffi a babban gari, tafiya mai nisa daga nan. Ta manta 'ya'yanta, ta manta ni, wani lokaci har sunanta. Abinci kuwa ba ta karɓa a hannun kowa sai nasa. In bai je ba, haka za ta datse baki ta kwana da yunwa. Lokacin zafi yana dawowa da sauran rana. To yanzu watan Yuni ne, lokacin hunturu a nan ƙasar tamu, sanyi ya kankama, kafin ya gama ba ta abincin yamma gari ya yi duhu. Ni kuma da yamma nake aiki a gidan mai, ba halin in kai shi.

"Abu ɗaya nake roƙonka," na ce. "In mota ta taho, kar ka kalle ta. Sauke idonka kan farin layin nan na bakin hanya, ta hagunka, ka bi shi har ta wuce."

"To gaisuwar fa?"

Kun ji inda matsalar take. A hanyoyinmu ba a wuce mutum haka kawai. Mota in ta taho, sai ka dubi direban ka ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari, shi ma ya ɗaga maka. Clarrie bai taɓa fashi ba, har tarakta yana gaisarwa.

"Cikin duhu wa zai ga yatsanka, don Allah?"

"Ni na san na ɗaga."

"To ɗaga, amma idonka na kan layi."

"A gaishe da mutum ana kau da kai? Haba 'yar nan. Ai wannan zagi ne."

Wallahi ji na yi kamar in rufe shi da jaridar. Amma ya shiga mota yana dariya, ya ɗora kwanon miyar kabewa a kujerar gefe, ya ja masa bel kamar fasinja, ya tafi.

Direbobin tirelar da ke bin hanyar sun san shi. Da sun hango fitilunsa masu ja-ja sai su rage nasu tun daga nesa, har su gaya wa na bayansu ta rediyo cewa ga tsoho nan tafe. Haka aka yi ta lallaɓawa, har wata Alhamis da ɗaya daga cikinsu ya shigo gidan mai bai ko kashe inji ba, ya cire hula ya tsaya a gabana.

"Maƙwabcinki ne. Ya faɗa ramin gefen hanya, ya daki turken shinge. Da ransa, an tafi da shi asibiti."

Washegari na same shi an jingina shi da matasai, haƙarƙari a karye, numfashi da ƙyar. Na yi niyyar faɗa, amma da na ga yadda ya ƙanƙance cikin rigar asibiti sai na fasa.

"Irin sababbin motocin nan ne masu farar fitila," ya ce. "Na ɗaga masa yatsa, ko ragewa bai yi ba. Ba ɗan nan ba ne."

"Ka kalle shi ke nan."

"Na kalle shi." Ya juyo gare ni. "Dulcie ta ci abinci jiya?"

Ta ci, tunda a hanyar dawowa abin ya faru, buguwar ce ta mantar da shi. Amma yau fa? Na buga waya gidan tsofaffin, suka ce ta ture cokali da safe, ta ture da rana. Ban ɓoye masa ba. Ya kama hannuna da hannunsa mai kaushi.

"Matso ki ji. Ba hannuna take bi ba, dabara ce. Shekara da shekaru ita ke dafa wa masu askin tumaki abinci, ba wanda ya isa ya kushe girkinta. Ki ɗebi cokalin farko ki sha da kanki, ki yamutsa fuska ki ce ba gishiri. Za ta karɓa don ta ƙaryata ki."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Amma ki yamutsa fuskar sosai, ba ta son ƙaryar da ba a iya ba."

Na ce zan je da zarar an sauya mini lokacin aiki, kafin nan ma ya warke ya je da kansa. Amma sanyi ya shiga ƙirjinsa, ƙarfin tari babu. Ranar Lahadi da hantsi, ranar hutuna, ina cikin dafa kabewa, aka bugo daga asibiti aka ce Clarrie ya cika. Allah sarki. Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka har miyar ta fara kamu.

Da la'asar na zuba wadda ba ta ƙone ba a kwano, na kama hanya. Na tarar da Dulcie a kujera kusa da taga, an lulluɓe mata ƙafa da bargo, ta rame, bakin nan a datse. Wata ma'aikaciya ta raɗa mini cewa tun ranar Juma'a ban da ruwa ba abin da ya shiga cikinta, kuma ba su gaya mata rasuwar ba.

Na ja kujera. Na ɗebi cokali na sha, na yamutsa fuska iya ƙarfina.

"Kai! Wannan miya ba gishiri."

Ta juyo a hankali ta dube ni sama da ƙasa. Ta miƙo baki, na sa mata. Ta juya miyar a harshe, ta haɗiye.

"Gishiri ya ji," ta ce. "Ke ma bakinki irin na Clarrie ne."

Na sake ɗebowa, ta karɓa. Tana ci, tana leƙen ƙofa ta bayan kafaɗata.