Zanen Ɗakin Inna

Istifanus ya shekara tara yana haɗa kala a wani kamfanin fenti da ke Bompai. Ranar Asabar, in babu aiki, yakan je gidajen mutane ya ƙawata musu bango: fulawoyi, taurari, layuka, duk abin da mai gida ya nuna masa a waya. Aiki bai taɓa ɗaure masa kai ba sai na Hajiya Halimatu Sa'adiya.

Hajiya mai shinkafa da wake ce a bakin wata masana'antar robobi a Sharada. Istifanus ya sha cin abincinta lokacin da yake leburanci a can, yana sabon zuwa daga Zonkwa. Ɗanta Abdulbaqi, direban babbar mota a Challawa, shi ya gina mata ɗaki da falo a Na'ibawa, shi kuma ya kira Istifanus ya yi wa falon ado.

Istifanus ya iso ranar Asabar da hantsi, suka gaisa da Hajiya, ya buɗe hotuna a waya ya miƙa mata. Ko kallo ba ta yi ba.

"Ajiye wannan, ɗan nan. Zanen ɗakin Innarmu nake so."

"To, Hajiya. Ina ɗakin yake, in je in gani?"

"A ƙauyenmu, bayan Gumel. Ya rushe tun kafin in haifi wannan." Ta nuna Abdulbaqi da haɓa.

"Akwai hotonsa?"

"Hoto kuma? Wa ya san hoto a lokacin? Amma ina ganinsa kamar yadda nake ganinka. Kamar tsuntsaye ne a jere, sai dai ba su da kai."

"Fukafukai ke nan?"

"A'a, ba tashi suke yi ba. Tafiya suke yi."

Istifanus ya yago takardar buhun siminti, ya zaro fensir daga bayan kunne. Ya zana tsuntsaye marasa kai, ta ce wannan ai yankakkun kaji ne. Ya cire musu ƙafafu, ta ce to da me za su yi tafiyar? Ya mayar da ƙafafun ya cire jikin, ta girgiza kai. Ta ce abin yana da lanƙwasa, ya lanƙwasa, ta ce ba lanƙwasar lauje ba. Kafin azahar ya cika takarda bakwai.

Abdulbaqi ya gaji. "Umma, a yi muku dagin Arewa mana. Kowa shi yake yi, ga kyau."

"Wannan na ƙofar ofis ne. Ni ba ofis na buɗe ba."

Satin nan duka Istifanus bai huta ba. Yana tsaye gaban injin haɗa kala, tunaninsa yana kan tsuntsayen da ba tsuntsaye ba. Ya ba matarsa Tabita labari, ta ce wataƙila sawun zabi ne a kan yashi, tunda an ce tafiya suke yi. Ya ji maganar ta shige shi. Ya zana sawun zabi a kwali mai tsabta, ya kai ranar Asabar.

Hajiya ta daɗe tana dubawa. "Ka kusa," ta ce. Ta juya kwalin ƙasa ta koma sama. "A'a. Ka ma yi nisa."

Nan Abdulbaqi ya ce a kira Malam Idrisu, yayan Hajiya da ke ƙauye, tunda ɗaki ɗaya suka tashi. Ya buɗe muryar wayar kowa yana ji. Bayan doguwar gaisuwa, Hajiya ta ce, "Yaya, kun tuna zanen nan na bangon ɗakin Inna?"

"Ƙwarai kuwa. Ƙadangaru ne, suna hawa sama."

"Ƙadangaru? Ba a jere suke ba, suna yin gabas?"

"Sama suke yi. Kuma dakata, wannan ai ba a ɗakin Inna yake ba. A zauren kakanmu ne."

"To na ɗakin Inna fa?"

Tsohon ya ce, "Ni dai abin da na sani a bangon Inna, jeren kwanuka ne tun daga ƙasa har sama. Ina wurin zane? Ko dai mafarki kika yi, Sa'a?"

Da aka kashe wayar, Hajiya ta zauna a kan bokitin fenti, hannuwanta a cinya. Matar da ke tsawata wa ma'aikata hamsin a layin abinci, yau muryarta da ƙyar take fita.

"To me na yi ta gani duk shekarun nan? Ina kwance a tabarma, Inna tana kaɗin auduga, ni kuma ina bin sa da yatsa har barci ya ɗauke ni. Ko shi ma ban yi ba?"

Istifanus ya rasa inda zai sa idonsa. Ya fara tattara takardunsa, yana shirya yadda zai ce aikin ya fi ƙarfinsa. Sai maganarta ta bin zanen da yatsa ta tsaya masa a rai.

"Hajiya, kun ce kuna bin sa da yatsa. Da kala aka yi shi, ko a jikin ƙasar yake?"

"Wace kala? In ka shafa za ka ji shi. Rami-rami ne."

Ashe sati guda yana neman abin a bakin fensir, alhali tun farko ba aikin fensir ba ne. Ya kwaɓa farin simintin shafe, ya sa ruwa ya yi laushi, ya yaɓa a bango daidai tsayin wanda yake zaune.

"Ku gwada da hannunku."

"Ni? Ban iya zane ba."

"Ku dai sa yatsa. In ya ɓaci sai in shafe."

Ta naɗe hannun riga, ta yi bisimilla, ta ɗora yatsu uku. Da farko ta ja layi a karkace ta tsaya. Sai ta rufe ido. Hannun ya gangara, ya lanƙwasa, ya ɗago, ya dangwala sau biyu, ya matsa gaba ya sake. Ba ta tsaya ba sai da shafen ya ƙare.

Su uku suka ja baya suna kallo. Istifanus ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Bai ga tsuntsu ba, bai ga ƙadangare ba. Abdulbaqi ya ce shi igiyar ruwa yake gani.

"Shi ne, Hajiya?"

Ta goge yatsunta a zani. "Ba shi ba ne," ta ce.

Ya ɗauko cokalin gini. "Bari in shafe."

"Kada ka taɓa! Ƙaro min wani a nan gefen."

"Amma kun ce ba shi ba ne."

"Na ce ba shi ba ne. Na ce maka ba na so?"

Haka suka yi Asabar uku, shi yana yaɓawa, ita tana bi da yatsu, har suka zagaye falon. Kullum in ya tambaya sai ta ce ba shi ba ne, kullum kuma sai ta sa a ƙaro. Da shafen ya bushe ya bi shi da fenti ruwan ƙasa, ramukan suka fito da inuwarsu.

Ranar da Hajiya ta tare, wata maƙwabciya ta tsare Istifanus a ƙofar gida, ta ce irin wannan take so a nata falon, mene ne sunansa? Ya ce bai sani ba, ta tambayi Hajiya. Hajiya tana zuba wa baƙi abinci, ta ce ita ma ba ta sani ba, kuma ko an sake yaɓa mata bango ba ta jin hannunta zai maimaita.