Allon Furen Bu Wuryani

"Ku karkata shi! Ba zai shiga ba!"

Allon ta'aziyyar da jaridar ta aiko ya maƙale a ƙofar lungunmu. Mai hawa biyu ne, an zagaye shi da fure. A sama an rubuta sunan mamaciyar, Bu Wuryani, da ƙananan haruffa. A ƙasa kuwa sunan babban edita, Pak Handoko, da digirorinsa, kowane harafi ya kai tafin hannu.

Bu Wuryani 'yar jaridar ce, maƙwabciyata kuma tun ina akawu a ofishin gunduma a birnin Semarang, inda ake girmama mace da Bu, namiji da Pak, matashiya da Mbak. Ita ta tona asirin masu cinye filayen kasuwa, ita kuma ta koya wa Handoko rubuta labari. Ya zama edita, ita ta yi ritaya a teburin da ta fara, ba ta taɓa karɓar alawus ɗin iyali ba, domin a ƙa'idarsu mace ba ta riƙe gida. 'Ya'ya ukun da ta rena ita kaɗai, ina jin iska suka ci.

Ana saura kwanaki ta rasu na kai mata kunun shinkafa. Ta ce, "Pak Sugeng, idan allonsu ya iso, ka duba mini wa ya mutu, ni ko Handoko."

"Bu, bari wannan magana."

"Kai dai ka duba. Ai duba takardu ne aikinka."

To, na duba. Da yake ni ke jera alluna a duk rasuwar unguwa, na sa aka kwance hawan ƙasa, aka jingine shi jikin amalanken mai taliya.

Nan Pak Handoko ya sauko daga mota. "Pak, wannan fa sunan kamfani ne."

"Ƙofar ce ta yi kaɗan, Pak. Na ga mai rasuwar ya kamata ta fara shiga."

Wata wakiliyar jaridar, Mbak Retno, ta kama gefen hawan saman allon, ta dubi Handoko. "Kar ka damu, Pak. Mun saba ɗaukar aikin, kai ka tsaya kusa da sunanka."

Mata huɗu 'yan jarida suka ɗauke shi har ƙofar gidan. Da aka fito da gawar, 'yarta ta rataye tsohon katin aikin uwar a ƙusar allon. Hoton ya koɗe, amma har muka kai bakin titi ina hango shi yana lilo ƙarƙashin sunanta.