Mazubin Kaka da Fom ɗin Asibiti

"Ja kuma!" Auta ta buga tebur, tana hararar jan rubutun da ke kan allon kwamfuta. Karo na huɗu ke nan fom ɗin sashen ido na asibitin yana ƙin karɓar sunan kakanta, alhali ita ta gina shi a ofishin nan. Sha biyu za a rufe rajistar waɗanda za a yi wa aikin yanar ido, saura minti ashirin.

Kaka ya matso da kujera. Shekara hamsin ya yi yana zubin tukwane, narkakken ƙarfe ya ƙone shi sau uku, ya binne duk sa'o'insa, bai taɓa zama a aji ba.

"Amarya, me yake nema?"

"Ranar haihuwarka, tsoho. Rana da wata."

"Wa ya rubuta? Ranar murna ake, ba a ta alƙalami!"

Ta yi masa bayani a gurguje. Akwai uwar fom, kowane fom na asibitin daga gare ta ya gaji dokoki: na jarirai, na masu ciki, na ido. Wanda mutum ya cike kuwa nasa ne shi kaɗai.

"Bari in goge dokar ranar haihuwar daga uwar kawai."

Kaka ya cafke hannunta. "Kul! Mazubi ke nan da tukwane! Ki huda tukunya, ita kaɗai ke yoyo. Ki huda mazubi, gari duk ya kwana da yunwa. Jariran ma su shigo ba rana? Ni idan mai saye ya ce ƙafa uku yake so, sabon mazubi nake cirowa daga jikin tsohon, shi nake gyarawa. Uwar ba a taɓa ta."

Auta ta zaro ido, yatsunta suka hau danne-danne. Ta ciro 'yar fom daga uwar, ta tsofaffi, ta sauya doka guda: adadin shekaru ya wadatar. Sauran ta bar mata gadonta.

"Saura minti uku! Shekarunka nawa?"

Ya bugi ƙirji. "Ɗari da arba'in!"

Ta rubuta. Ja.

"Wannan dokar ta uwar ce, angona. Ba ta yarda da abin da ya haura ɗari da ashirin ba. In goge?"

Kaka ya dubi ƙofa, ya dubi ma'aikatan da suka kasa kunne. Ya sunkuyo daidai kunnenta.

"Saba'in da takwas."

Allon ya yi kore.