Gara a Shigifar Malam Jinaidu

A wani lungu da ke bayan Hubbare, shekara arba'in da 'yan kai bayan an kewaye Sakkwato da ganuwa, akwai wani dattijo da ake kira Malam Jinaidu. Sana'arsa juyar littattafai da hannu. Baƙin da suka zo ziyara daga nesa kan biyo ta zaurensa su yi sallama, wani ya ba da aikin littafi, wani ya karɓi wanda aka gama masa.

Matarsa Ashatu 'yar manoma ce daga fadamar Kware. Tsakanin rumbuna ta tashi. Tun tana ƙarama mahaifinta kan ɗaga ta ya zura cikin rumbu ta gano masa abin da ke taɓa gero, don haka ta san kowane ƙwaro da irin ɓarnarsa kamar yadda mijinta ya san baƙaƙe. Shekara talatin da biyu ke nan da aurensu. Ba ta karatu, amma kullum da hantsi takan zauna bakin ƙofar shigifarsa da mazarinta da abawa, yana aiki yana rera abin da yake rubutawa, ita kuma tana kaɗi.

Wata safiya, kwana biyu bayan ruwan farko na damina, tana tsakar gida tana wankin gero sai ta ji ya saki salati da ƙarfi. Ta ajiye ƙwarya ta nufi shigifa hannunta na ɗigar ruwa. Ta same shi durƙushe a kan buzu, ya zare wani littafi daga gafaka, takardun sun warwatsu a gabansa. Ta gane littafin nan take. Waƙar taurarin damina ce, wadda mahaifinsa ya tsara da Hausa ya rubuta da hannunsa, kuma ita kaɗai ce a duniya, babu wani juyi nata. Takardun ƙasa sun zama kamar rariya, wasu ma rabinsu ne kawai ya rage.

"Kusu na!" in ji Malam. "Kusu ya gama da ni, Shatu."

"Malam, ba ni in gani."

"Mi za ki gani? Ke da ba ki san alu da ba'u ba?"

Ba ta ji haushi ba. Ta san bakinsa kan rigaye zuciyarsa in ransa ya ɓaci. Ta koma ga geronta, amma idonta ya riga ya ɗauki abu guda: ba ta ga ko ƙwaya ɗaya ta kashin kusu, wato ɓera, a wurin ba.

Kafin azahar Malam ya saɓa rawani ya tafi Ƙofar Atiku wurin Mode, ƙanen Ashatu, mai fataucin shanu. Shi da Mode ba su haɗuwa sai an yi ba'a, irin wasan da ke tsakanin mutum da ƙanen matarsa. Da la'asar sai ga su tare, Mode riƙe da wata ƙatuwar kyanwa mai ruwan toka cikin kwando.

"Yaya, ga mussa na kawo ma mijinki," in ji Mode. "Shi da ka rubuta ma mutane laya, kusu ya gagare shi."

"Kai dai ajiye ka tahi, sarkin surutu," in ji Malam.

Kwana uku kyanwar ta yi a shigifa. Ranar farko ta kifar da kurtun tawada a kan buzu. Rana ta biyu ta fito ta cinye man shanun da Ashatu ta rufe da faifai. Rana ta uku aka same ta tana barci a kan gafakar da aka kawo ta ta tsare. Ɓera kuwa ko wutsiyarsa ba ta kama ba. Da Malam ya sake buɗe littafin ya tarar wasu takardu biyu sun bi 'yan'uwansu, sai ya zauna ya yi tagumi, bai ko taɓa furar da aka dama masa ba.

Ashatu ta shigo ta zauna kusa da shi. Can sai ya tura mata takardun da kansa.

"To, duba."

Ta ɗauki ɗaya ta kai bakin ƙofa wurin haske. Ta shafa gefen da aka ci, ta murza yatsunta, ta nuna masa.

"Ka ga wanga? Laka ce. Kusu ba shi ɗauko laka. In shi na, gefe shika gaigaya, ka ga sawun haƙori, ka ga kashi nai baƙi kamar shinkahwa, ɗaki kuma shi yi ƙarni. In asu na, ƙananan hudoji za ka gani da ɗan gari-gari. Kyankyaso ko lasa shikai daga sama, shi bar tabo. Wanga daga ƙasa anka ci shi, anka liƙe da laka. Gara ce, Malam."

"Gara? Cikin ɗakin da nika kwana ina tashi?"

"Ai ba ta sallama."

Ta sa ya ja gafakar gefe. A ƙarƙashinta fatar ta huje, ga laka manne. Ta ɗaga tabarmar da ke jingine da bango, sai ga wata siririyar hanya ta jar ƙasa, kaurinta bai fi ƙaramin yatsa ba, ta taso daga gindin bango ta bi ta bayan littattafai. Ashatu ta sa farce ta fasa ta. Wasu fararen ƙwari masu taushi suka ɓullo suna neman wurin ɓuya.

Malam ya sunkuya har gemunsa na taɓa ƙasa. "Wanga ba ɗiyan tururuwa ba na?"

"Tururuwa tana da ƙugu kamar budurwa. Duba waɗanga, kai da ciki duk ɗaya. Kuma ba su son haske, shi ya sa suka gina rufi bisa hanyarsu."

Ta tuna da safiyar da ta biyo bayan ruwan farko, lokacin da ta share fikafikan shinge, garar nan mai tashi bayan ruwa, masu yawa a gindin bangon nan ta waje, ta zubar ba ta kawo komai a ranta ba. Abin ya tsaya mata a rai. Ta faɗa masa, ta ce da ta lura tun ranar, da takardun nan biyu na baya sun tsira.

"Da ni na ba ki kin duba tun ranar hwarko hwa?" in ji shi. "Bari dai. Yanzu mi za mu yi?"

"A fidda littattafai rana. Sannan a tona. In ba a kai ga uwar ba, aikin banza na."

Washegari da sassafe Mode ya dawo, wannan karon da sungumi da magirbi. Suka kwashe littattafai kaf suka shimfiɗa a kan zana a tsakar gida, Ashatu na bin kowace gafaka tana kaɗewa tana dubawa. Ban da ta waƙar, uku gara ta taɓa, amma fata kawai ta ci, ba ta kai ga takarda ba. Sannan ta bi hanyar lakar nan ta waje, tana ƙwanƙwasa bango da dutsen guga tana saurare. Inda ya yi ƙarar holoƙo ta tsaya. Wurin kuwa daidai inda wani tsohon kututturen aduwa yake binne, wanda aka sare tun lokacin da aka gina gidan, kuma nan ne indararo ke zuba.

"Nan," in ji ta.

Mode ya yi ta haƙa har gumi ya jiƙa masa taguwa. Malam na tsaye a kansa yana ba da umarni.

"Hagu kaɗan. A'a, dama."

"Malam, ko ka amshi magirbin ka nuna man?"

"Hannun alƙalami na, yaro."

"Yaro mai jikoki huɗu!"

Da ramin ya kai ƙugu, sai ƙasa ta burma, ga gidan gara kamar saƙar zuma, fari fat da ƙwari. Ashatu ta buɗe akurki ta kira kajinta, suka afka wa wurin. Ta ce wa Mode ya bi a hankali, ya nemi wani dunƙulen laka mai tauri kamar tukunyar da aka gasa. Da ya ciro shi ta fasa da dutse. A ciki ga uwar garar kwance, fara, ta fi babban yatsa tsawo da kauri, jikinta na motsi amma ba ta iya tafiya.

Malam ya daɗe yana kallonta. "Subhanallahi. Wagga ce ta karance waƙar Baba?"

"Ita dai ƙwai takai. Ɗiyanta ka kawo mata."

Zakara ya warce ta kafin ya ƙara wata magana.

Suka tumɓuke kututturen gaba ɗaya. Ashatu ta tara tokar murhunta da ta maƙwabta, ta jiƙa ɓawon maɗaci a tulu har ruwan ya yi ja, aka kwarara a ramin, aka zuba toka da yashi aka daddaɓe. Ta sa Mode ya karkatar da indararo don ruwa ya daina kwanciya a gindin bango. A cikin shigifa ta kankare hanyar lakar, ta barbaɗa toka a duk kusurwa. Daga nan ta shiga ɗakinta ta kwance ragayu uku da take rataye ƙoren nono, ta kawo.

"Littafi ba shi sake kwana ƙasa a gidanga," in ji ta.

Aka ɗaura ragayun a azara. A kan kowace igiya ta huda sakaina ta zura, ta kife ta, don ko ɓera ya biyo igiyar ya zame. Cikin kowace gafaka ta sa ɗan ƙullin tazargade saboda asu. Mode ya mayar da kyanwarsa cikin kwando, ya ce zai aiko a biya shi man shanun da ta saba ci. Malam ya jefe shi da takalmi.

Saura takardun da aka ci. Sha ɗaya ne. Malam ya yanke sabuwar takarda ya fiƙe alƙalami, ya ce tun yana yaro ya haddace waƙar, kwana biyu sun ishe shi. Takarda uku ya rubuta ba tangarɗa. A ta huɗu ya tsaya. Ya rera ɗangon farko, ya sake rerawa, na biyu ya ƙi zuwa.

"In kaza da 'ya'yanta sun ɓuya yamma... sun ɓuya yamma..."

Ashatu na bakin ƙofa, mazarinta na juyawa. Ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Wasa kalmenka, bar hira gindin rimi."

Malam ya juyo. "Mi kinka ce?"

Ta maimaita, ta zarce da baiti biyu na gaba, da irin karin da yake rerawa, har da inda yakan ja numfashi.

"Wa ya koya miki?"

"Shekara talatin da biyu kana rera ta duk hwarkon damina, ni ko kunnena ba toshe shike ba. Kuma zancen shuka da kalmen noma na. Abin da Babanka ya rubuta, shi Babana ka yi da hannu."

Ya ajiye alƙalami ya dube ta. Sai ya jawo buzun da tawada ta ɓata ya shimfiɗa kusa da nasa.

"Shigo ciki ki zamna. Bakin ƙohwa ya yi nisa."

Kwana tara suka yi suna aikin. Inda ya manta ta tuna, inda ta karkace ya gyara, inda guntun takarda ya rage suka jera shi su ga abin da ya saura. Sau biyu suka yi gardama a kan kalma ɗaya, har ta yi fushi ta tafi ta ɗora tukunya, ya biyo ta madafa da takarda a hannu ya ce ita ke da gaskiya. Sau ɗaya kuma ita ta dawo ta ce nasa ne daidai.

Baiti biyu ne suka gagare su, a kan tauraron da ke fitowa lokacin da gero ke fidda kai. Malam ya iya tsara waƙa, da ya so da ya cike gurbin ba wanda zai gane. Ya ce ba zai sa wa mahaifinsa magana a baki ba. Ya bar wurin fari, ya rubuta a gefe da ƙananan baƙaƙe cewa gara ta ci nan. Da ya gama bai tsaya ba sai da ya yi juyi biyu, ya aika ɗaya Wurno wurin wani tsohon abokin karatunsa.

Daga wannan shekara, kowace Alhamis da hantsi sukan sauke ragayu su shanya littattafai. Shi yana buɗe takardu, ita tana bin gindin bango da tsintsiya. Idonsa ya fara rauni a 'yan shekarun da suka biyo, nata kuwa bai gaza ba, don haka in ya ga wani ɗan baƙin abu a gefen takarda sai ya ɗaga murya ya kira ta. Sau da yawa ɗigon tawadarsa ne, amma takan ajiye abin da take yi ta zo ta duba.