Busar Ƙarshe ta Tonton Elifet

"Ba haka ba, ƙawata, matse leɓɓanki!" in ji Filomiz. Na matse har kunnuwana suka toshe, amma lambin nan bai fitar da komai ba sai wata iska mai ban kunya. Na miƙa mata ta gwada, nata ma bai kai nawa ba. A cikin ɗaki mijinta Elifet, wanda muke kira Tonton, wato kawu, yana kwance yana jan numfashi kamar ana jan zarto a ɗanyen itace.

Tun ina yarinya, a ƙauyenmu Fon Kaju shi ke busa lambi, wato ƙatuwar katantanwar teku da kakansa ya hawo da ita daga gaɓa. Gidajenmu a warwatse suke cikin kurmi, kowa da tudunsa, in ba don busa ba sai mutum ya mutu ya ruɓe maƙwabci bai sani ba. Busar iri biyu ce. Gajeru a jere, gayya ce, kowa ya saɓi fartanya ya nufi gonar gidan da aka busa. Doguwa guda mai ja kuwa ciwo ne, maza su zo gidan a cire ƙyaure, a ɗora majinyaci a sauka da shi asibitin gindin dutse. Doguwar muke nema, kuma da gaggawa, don hadari ya haɗu a kan tsauni. In kogi ya cika, babu mai haye shi sai an kwana biyu.

"Ku kawo nan," muka ji muryarsa daga ɗaki. "Kuna ɓata mini suna."

Muka tallabe shi zuwa bakin ƙofa. Mutumin da yake saɓa damin ayaba biyu ya hau tudu yana waƙa, ga shi ya koma kamar buhun ganye. Ya karɓi lambin, ya share bakinsa da gefen riga, ya ɗaga kai ya busa.

Gajere. Ya ƙara, gajere. Ya sake jero wasu, tsaf, babu wanda ya karye.

"Elifet!" Filomiz ta dafe kai. "Doguwa! Doguwa za ka yi!"

Ya buɗe baki zai yi magana, tari ya sarƙe shi, lambin ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin bishiyar kofi. Kafin mu mayar da shi gado mun fara jin ihun amsawa daga tudu zuwa tudu. Ba a jima ba gangar Sentilis, makaɗin gayya, ta tashi a hayin kwari, tana hawa, tana nisa da mu. Gonar Elifet tana can saman dutse, inda kurmi ya ƙare, kuma ita kaɗai ce a garin nan ba a shuka wa wake ba bana.

"Gona suka tafi," na ce, kamar ba ta da kunne.

Filomiz ta fita tsakar gida, ta dawo, ta ɗau tulu ta ajiye, ta ɗau hularsa ta riƙe ba ta san abin da za ta yi da ita ba. Sannan ta ɗaure ɗankwali a ƙugu.

"Anasilya, zauna da shi. Gwiwar nan taki ba za ta kai ki ko rafi ba. Ni zan kira su."

"Ki bari mu ƙwala musu kira mana."

"Da wace muryar? Ba ki jin ganga?"

Ta sunkuya a kansa ta ce, "Kada ka kuskura ka yi wani abu kafin in dawo." Ta fice babu takalmi.

Na zauna a kan kujerar kaba ina masa fifita, raina a dagule. Numfashi ne ya gaza masa? Doguwar busa tana cin ƙirji, shi kuwa ƙirjin ne ya ƙare. To amma wanda numfashi ya gaza wa, yaya zai jero gajeru tsaf haka? Kuma tun da ciwon ya fara yake cewa shi ba buhun gawayi ba ne da za a sauka da shi gari, kuma kullum zancensa me Filomiz za ta ci in babu wake. Na kasa haƙuri.

"Tonton, don Allah gaya mini gaskiya. Da gangan ka yi?"

Ya buɗe ido ɗaya. "Kin sa musu ruwan kofi?"

"Ina tambayarka kana mini zancen kofi!"

"Shiii. Ji Sentilis. Har yau bai iya ɗauko waƙa daga farko ba."

Waƙar gayya tana saukowa daga saman dutse, iska ta kawo ta, ta ɗauke. Yatsunsa suna bugun katakon gado daidai da saran fartanya. Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, na rasa wanne zan riƙe. Sai yayyafi ya fara taɓa kwanon rufi.

Can sai waƙar ta yanke a tsakiyar baiti, ganga ma ta yi shiru. Filomiz ta isa ke nan.

Yatsun suka tsaya. "Me ya tsayar da su?" ya ce.

"Suna zuwa ne, Tonton. Za su kai ka asibiti."

"Ai ba su kai bishiyar mangwaron ƙarshen gona ba." Ya juyar da kai wajen bango, ya ƙara cewa wani abu da ban ji ba. Na matsa na ce ya maimaita. Bai maimaita ba. Na daɗe ina fifita kafin na gane babu wanda nake yi wa, ya riga ya cika.

Da gudu mazan gayya suka shigo tsakar gida, jiƙe sharkaf, jar ƙasa har gwiwa. Orelis kafinta bai tsaya tambaya ba, ya kama ƙyaure yana ɗagawa daga maƙalinsa. Ni ce na dafa masa hannu. Suka dubi fuskata, huluna suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya.

Filomiz ce ta ƙarshen isowa, ƙafarta tana jini. Ta ratsa su ta shiga, ta tsaya a kansa tana haki.

"Ya kira ni?"

Na so in ce eh. Bakina ya ƙi.

"To me ya ce?"

"Ya tambaya me ya tsayar da su. Wai ba su kai mangwaro ba."

Ta dube ni kamar na yi mata wani yare. Sentilis ya matso bakin ƙofa yana murza hula. "Mama Filomiz, wallahi gayya muka ji. Kowa gayya ya ji. Da mun sani..."

"Nawa ya rage?"

"Na'am?"

"Gonar. Nawa ya rage?"

"Kamar rabi."

Ta zauna a bakin gado, ta gyara masa wuyan riga. Daga ƙasa ana iya jin kogi ya fara ruri.

"Ku koma ku ƙarasa," ta ce. "Orelis ya tsaya ya auna shi don akwatin gawa."

Suka dubi juna, babu wanda ya san ko ya dace. Sentilis ne ya fara sunkuyawa ya ɗau fartanyarsa, ya bar gangar a jingine da bango. Na hura wuta na ɗora ruwan kofi, don ban san me kuma ake yi ba. Filomiz ta jawo kwano tana wanke wa mijinta ƙafa, tata tana ɗiga a ƙasa. Da ruwa ya ɗan tsagaita, sai muka jiyo saran fartanyoyi daga saman dutse, babu waƙa.